Ranar da Haske Ya Tsaya Gaisuwa

Ku sababbin da aka turo rumfarmu bana, tun da kun ishe ni da tambayar abin da ya faru bara, to kowa ya ja kujera. Na manta abubuwa da yawa a aikin nan, amma Larabar da aka kawo mana babban baƙo ba za ta fita daga kaina ba, ko da na tsufa ina tauna dabino da dasashi.

Sunana Rumaisa. A Jaradiyya, wata unguwa a nan Riyad, aka haife ni, Babana direba ne, ɗan Zariya. A hutun bazarar bara na shiga aikin sa-kai a wannan baje kolin kimiyya da ake shirya wa 'yan makaranta a nan unguwar Murabba. Ga wanda bai san tsarin ba: a can sama akwai mudir, wato shugaba, wanda ba a ganinsa sai a hoto. A ƙarƙashinsa akwai mushrif, wato mai kula da mu, shi ne Ustaz Fahad, mutumin da turarensa ke riga shi shiga ɗaki ya kuma ƙi fita bayan ya tafi. Sai mu masu bayani, kowa da rumfarsa. Daga nan sai waɗanda ba a kira idan ana taro: direbobin bas, masu shara, kafintoci, masu jan waya. Ƙofarsu ma daban take, ta baya, kusa da inda ake tara kwalaye. Fiye da rabinsu mutanenmu ne, daga Najeriya da Nijar.

Da aka zo rabon rumfuna, wani ya samu mutum-mutumin ƙarfe mai rawa, wata ta samu ƙasusuwan wata dabba da ta fi bas tsawo. Ni aka ba ni rumfar na'urar karo.

Bari in faɗa muku ita yadda na fahimce ta, domin takardar da za a ba ku ba ta da amfani sai wajen fifita. A Turai akwai wani rami zagayayye a ƙarƙashin ƙasa, faɗinsa ya isa a zuba unguwannin Jaradiyya da Nasiriyya a ciki a rufe da faifai. A can ake koro ƙananan ƙwayoyin zarra, wasu ta nan wasu ta can, da gudun da ya kusa na haske, a haɗa su gware. A cikin tarkacen da ke tashi, jefi-jefi sai wata ƙwaya ta leƙo, ana ce mata boson. Ba wanda ya taɓa ganinta ido da ido, domin kafin ka ƙifta ta fashe ta zama wasu ƙwayoyin. Sai masana su bi ɓaraguzanta suna ƙirgawa. Abin da suke son sani shi ne hulɗarta da sauran ƙwayoyi: wa take riƙewa gam, wa take ɗan taɓawa, wa ba ruwanta da shi. Ita ɗin alama ce ta wani fili da ya cika ko'ina, ba a ganinsa, kuma daga riƙon da filin nan yake yi wa ƙwaya take samun nauyinta. Wadda aka riƙe da yawa ta yi nauyi. Wadda ba a kula ba, kamar ƙwayar haske, ta wuce fuu, ba ta da nauyi ko kaɗan.

To, ku je ku faɗa wa yaro ɗan aji uku wannan, alhali yana jin kiɗan mutum-mutumi a maƙwabta. Yara kan leƙo rumfata su yi mini kallon tausayi su wuce. Har gyangyaɗi na koya a tsaye.

Da abin ya ishe ni sai na ƙirƙiro wasa. Na roƙi kafintoci suka shimfiɗa mini doguwar darduma. Yara su cika ta, su ne filin. Sai in rataya wa mutum uku kati a wuya. Mai katin haske zai ratsa ta tsakiyarsu, ba mai kallonsa, ba ya kallon kowa. Mai katin ilektron, wadda nauyinta ɗan kaɗan ne, mutum ɗaya zai ba shi hannu ya sake shi. Mai katin top kuwa, ƙwayar da ta fi duka nauyi, kowa sai ya riƙe shi ya gaishe shi ya tambayi mutanen gida. Wanda ya fi daɗewa kafin ya kai ƙarshen darduma shi ya fi nauyi. Nan da nan rumfa ta cika. Ihu kuwa har masu gadi sun taɓa rugowa da zaton gobara ce.

Ustaz Fahad ba ya son ihu. Wata safiya ya tara mu ya ce ranar Laraba mai kamfanin da ke ɗaukar nauyin baje kolin zai zo da kansa, tare da wata dakta da ke aiki a ainihin na'urar ta Turai. Bayan ziyarar za a rufe rumfa ɗaya a kafa babban allon talabijin a wurinta. Bai faɗi wacce ba, amma haɓarsa ta nuna tawa.

"Ya binti, 'yata," in ji shi, "idan ba ki burge shi ba, khalas, shi ke nan. Gida."

Ku ba ku san ma'anar gida ba. Gida na nufin ƙannena maza uku, da tukwanen Umma, da na'urar sanyaya ɗaki wadda ƙararta ta fi sanyinta. Kuma takardar shaidar sa-kai, wadda nake so in haɗa da takarduna na neman jami'a, ba a ba wanda bai kai ƙarshe ba. Saboda haka rumfar nan ko da haƙori sai na riƙe ta.

Laraba ta zo. Na iso na tarar da zaure fayau, ba yaro ko ɗaya. Ashe Ustaz ya soke zuwan yara gaba ɗaya.

"Yara hannunsu danƙo ne da shi," ya ce. "Kin san tsadar alkyabbar baƙon nan?"

"To Ustaz, wa zai zama filin? Kujeru?"

Ya dubi darduma, ya dubi agogo, na ga gumi ya fara keto masa ta ƙarƙashin rawani. Baƙon zai iso bayan azahar, kuma an riga an idar da salla. Sai ya ɗaga kwalin rigunan baje koli ya dangwara mini a hannu.

"Je ki kawo mutanenki. Yalla, yalla."

Na zagaya ta ƙofar baya na tarar da su sun zagaye faranti, sun fara cin shinkafa ke nan. Na durƙusa na gaishe su, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Wato mu ne za mu zama me?" in ji Malam Habu kafinta.

"Fili, Baba."

"Fili? Shekara nawa ina neman fili a Maraɗi ban samu ba, yau ni da kaina na zama shi."

Aka bushe da dariya. Wani ya ce a bari su ƙarasa cin abinci, wani ya ce ai in mushrif ya kira, shinkafa ba ta gudu. Suka rufe faranti da kwali suka biyo ni, manyan magidanta, suna ta kokawar cusa tumbi a cikin rigunan da aka ɗinka don 'yan sakandare. Na jera su a kan darduma na yi musu bayani da Hausa dalla-dalla. Mai katin haske, kada wanda ya kula shi. Mai katin top, a riƙe shi a gaishe shi kamar surukin da ya zo da goro. Kowa ya ce ya gane.

Saura wanda zai zama haske. Ana cikin haka sai ga Kawu Ɗanladi ya shigo ta ƙofar gefe yana neman inda jama'a suka ɓace. Kawu abokin Babana ne, direban babbar bas, dogo siriri kamar sandar goge rufi, taku biyu ya ƙetare titi. Na ce Allah ya kawo mini haske har gida. Shekaru ya yi bai je Najeriya ba, sai bana ya samu hutu, kuma a safiyar nan ya dawo bakin aiki, kai tsaye ya wuce gareji. Cikin mutanen da ke kan dardumar nan ba wanda ya sa shi a ido tukuna.

"Kawu, ka miƙe kawai. Kada ka kalli kowa, kada ka amsa wa kowa."

"Haba 'yata, wannan ma aiki ne? Ni da nake ratsa Riyad da bas?"

Na ɓoye shi a bayan labule. Sai Ustaz ya matso yana murmushin wanda ya yi dabara. Wai ya yanke shawara babban baƙon da kansa zai rataya katin top.

"Ƙwayar da ta fi kowa nauyi," ya ce yana lumshe ido, "wa ya dace da ita in ba shi ba?"

Baƙo ya iso da alkyabba mai bakin zinariya da masu ɗaukar hoto a bayansa. Dakta Samira na gefensa, wata 'yar Maroko gajeriya da takalmin gudu da jakar goyo. Aka sha gahawa. Na ɗauki makirfo na yi bayanin da na haddace. Na ce za mu fara da haske, kowa ya lura da yadda zai wuce kamar walƙiya.

Na ja labule. Kawu Ɗanladi ya yi taku ɗaya.

"La ilaha! Ɗanladi! Yaushe a gari?"

Shi ke nan. Filin nan gaba ɗaya ya kife a kansa. Wannan ya riƙe hannun dama, wancan ya riƙe na hagu, Malam Habu ya rungume shi ta baya.

"Barka da hanya! Ya ka baro su Hajiya?"

"Lafiya lau, suna gaishe ku."

"Ya ruwa bana?"

"Alhamdu lillahi, masara har ta fi ni tsawo."

"Ka biya ta Funtuwa kuwa? Ka ga tsohuwata?"

"Na gan ta da idona, ta ba ni yajinka, yana cikin bas."

Ina ta ɗaga masa hannu, ina ta zare ido, har na ce a makirfo, "Kawu, haske ne kai!" Ya waiwayo ya ce, "To 'yata, ina zuwa," ya juya ya ci gaba da ba wani labarin yadda aka yi sunan jikansa. Na rantse muku, da a ce hasken rana irin Kawu ne, da har yau duniya ba ta waye ba. Wani daga Damagaram ma da bai san shi ba sai da ya ba shi hannu, wai kada a ce ya yi wulaƙanci. A ƙarshe ya fito ta ɗaya gefen, hularsa a karkace, katinsa ya koma baya.

Ustaz ya yi wata 'yar dariya mai kama da tari ya ce wannan share fage ne kawai, yanzu za a ga ainihin abin. Ya rataya wa baƙo katin top da hannu biyu, yana ta "ɗal umrak, ɗal umrak," wato ranka ya daɗe. Baƙo ya gyara alkyabba ya ɗora ƙafa a kan darduma.

Ku kun san abin da ma'aikaci ke yi a garin nan in ya ga alkyabba ta nufo shi. Ba sai an koya masa ba, ƙafarsa ce ta haddace. Mutanen nan da suka ce mini sun gane, sai ga su sun dare gida biyu, kowa ya sunkuyar da kai ya haɗa hannu a ƙirji. Malam Habu har ya sauka daga dardumar ya manne da bango. Hanya ta buɗe fetal. Baƙo ya wuce shuu, ko gefen rigarsa ba a taɓa ba, ya isa ƙarshe kafin mai hoto ya cire murfin kyamara.

Ya juyo ya dube ni. "Shi ke nan? To ina nauyin nawa?"

Makirfo na bakina. Tambaya aka yi mini ta kimiyya, kuma aikina ke nan in amsa.

"Ɗal umrak, bisa wannan awon, ba ka da nauyi ko kaɗan. Kawu ne mai nauyi."

Ustaz ya koma kalar madara. Ni kuwa na fara hango tukwanen Umma suna yi mini maraba.

Dakta Samira ce ta cece ni. Dariya ta ƙwace mata har sai da ta dafa teburi. Da ta nutsu ta karɓi makirfo ta ce abin da ya faru yanzu shi ne kullum suke mafarki kuma suke tsoro. Lissafi ya ce riƙon da boson ke yi wa kowace ƙwaya ya kamata ya tafi daidai da nauyinta, kuma shekaru ke nan suna aunawa ɗaya bayan ɗaya don su ga ko akwai wadda ta kauce. Idan suka wayi gari suka ga top ta wuce ba a riƙe ta ba, to ɗayan biyu ne: ko dai sun gano abin da zai girgiza duniya, ko kuma na'urarsu ce ke da matsala. Kuma kusan kullum na biyun ne.

Ta dube ni. "Kin duba na'urarki?"

"Na'urata lafiyarta ƙalau, Dakta. Iƙama ce da ita, takardar izinin zama a ƙasar nan, kuma tana son a sabunta mata."

Wannan ban faɗe shi a makirfo ba, amma na kusa da mu sun ji. Ɗaya daga cikin masu hoto, wani ɗan Sudan, ya ɓoye fuskarsa a bayan kyamara kafaɗunsa na rawa. Baƙon dai bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya tsaya yana kallon mutanen da suka buɗe masa hanya kamar yau ya fara ganin akwai kawuna a saman rigunan. Sannan ya ce a sake.

Ustaz ya yi tsalle ya faɗa tsakiyar darduma. "Ku riƙe shi! Wallahi duk wanda bai riƙe shi ba, ni da shi ne! Rumaisa, fassara!"

Na fassara, na ɗan ƙara gishiri. Na ce mushrif ya ce a yi masa gaisuwar gida cikakkiya, kada a rage komai.

Wayyo. Tun da an ba su izini, sai suka sauke masa ita duka. Malam Habu ya kama hannunsa ya ƙi saki. Ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya yara, ya zafi, ya kasuwa, ya haƙuri da jama'a, Larabci da Hausa a cakuɗe. Wanda ya gama sai ya zagaya ya sake shiga layi. Kawu Ɗanladi, wanda a ƙa'ida ya riga ya wuce, ya dawo ya tambaye shi lafiyar mahaifiyarsa. Baƙo tun yana "alhamdu lillah" da ƙarfi har ya koma gyaɗa kai. Rawaninsa ya zame, alkyabbar da aka hana yara taɓawa ta sha hannun masu man shinkafa. Kafin ya fito, lokacin ziyarar ya ƙare, sakatarensa na nuna masa agogo. Bai ga mutum-mutumi mai rawa ba, bai ga ƙasusuwa ba. A duk baje kolin nan, rumfata kaɗai ya gani.

Da zai tafi ya ce wa Ustaz wannan rumfar tana da rai, a bar ta. Washegari hotonsa ya fito a shafin baje koli, yana tsakiyar mutane ana ta riƙe shi, an rubuta a ƙasa cewa ga shugaba mai son ma'aikata, kuma wasan dabarar mushrif ce. Mutanenmu kuwa, tun kafin motar baƙo ta bar harabar aka karɓe rigunan aka mayar kwali. Da suka koma ƙofar baya sun tarar an kwashe farantin shinkafar tare da shara. Ba wanda ya ce musu sannu sai Dakta, wadda ta zagaya har can ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

Da yamma ta same ni ina naɗe darduma. Ta ce, "Awo biyu kika yi yau. Da ke ce a wurinmu, wanne za ki buga?"

Na ce, "In gaskiya ake so, na farko. In zama a cikin sanyi ake so, na biyu."

Ta ce su ma sun san halin kansu, shi ya sa suke da wata ƙa'ida. Kafin su kalli sakamako, sai su rufe wurin da amsar take, su gama tsara yadda za su auna, kowa ya amince, sannan a buɗe. In ba haka ba, mutum zai yi ta gyara na'ura har sai ta faɗi abin da yake so ya ji, ko abin da na sama da shi yake so ya ji, kuma ya rantse bai yi maguɗi ba. Ta ce na'urarsu ba ta tsoron kowa, amma masu riƙe da ita mutane ne.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan, kuma shi zan bar muku. Bayanin boson ba shi ne mai wuya ba, mako ɗaya ya isa ku haddace. Mai wuyar shi ne sanin wanda kuka tsayar a kan darduma, wa yake kewa, wa yake tsoro, domin da wannan zai amsa muku, ba da abin da kuka rubuta a kati ba. Na samu takardar shaidata, an kafa allon talabijin a wata rumfar, ku kuma ga ku nan kuna da wurin tsayawa. Duk wannan awo na biyu ne ya saya mana shi, wanda aka yi da tsawa. Na farkon ba a buga shi a ko'ina ba, kuma shi ne daidai.